Sa'an Baba Ya Makara

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da Inna da yara kuna lafiya.

An ba ni kula da sashen shirya kaya a kamfanin sabulu, amma na gwaji ne. Mutanen da ke ƙarƙashina duk sun haife ni. Da safe sai in tsinci kaina a durƙushe ina gaishe su, farin takalmina cikin kumfa. Jiya manaja ya gan ni. Ya ce ko sashen ya daina makara, ko in kama gabana.

Na haddace littafin shugabanci tun daga bango har bango, amma babu malamin da ya koya mana yadda ake ce wa sa'an Baba, "Ka makara." Tsoro nake ji, wallahi.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Muna lafiya, muna gaishe ki.

Ke dai ba ki da dama! Digiri a hannu, gwiwa a ƙasa? Kunyar mara kunya asara ce. Ki miƙe tsaye, ki buɗe murya, ki kama ɗaya ki gwada wa saura. Inna ta gama shelanta wa unguwa kin zama babba, kada ki dawo mana da akwati.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa.

Na yi yadda kika ce. Tsautsayi ya faɗa kan dattijon da ke kula da injin liƙa, mai kirana "'yata", mai share mini kujera da hularsa. Ya shigo a makare, na tare shi gaban kowa. Ban san muryata ta kai haka ba. Ashe manaja yana bayana. Nan take ya sallame shi.

Dattijon bai yi musu ba. Ya naɗe rigar aikinsa, ya ce, "Da kin ja ni gefe, ranki ya daɗe."

An tabbatar mini da aiki. Yanzu kowa na zuwa da wuri, ina shiga sai a yi tsit.

Auta

*

Auta,

Saƙonki ya iso. Na karanta wa Inna layin tabbatar da aiki, na tsallake sauran. Tana nan tana sa miki albarka, wai ladabinki ne ya kai ki.

Ki huta lafiya.

Yayarki