Hawan Tudun Baffa Attahiru

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Daga ƙanwarki Zulaihatu, a gidanmu na Ƙofar Kware cikin birnin Sakkwato, zuwa ga Yaya Rahmatu a Katsina. Gaisuwa mai yawa da begen ganin fuskarki. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Siddiƙu da 'yar jaririyar da ban taɓa ɗauka ba. Mu nan lafiya lau. Baba ya samu sauƙin ƙafarsa, har yana fita kasuwa da sanda. Kakarmu Iyatu tana nan da faɗanta, ta ce in gaya miki idan kin yi ƙiba ki rage, kada ƙofar ɗakinta ta ƙi ki ran da za ki zo.

Yaya, na yi gaggawar rubutowa ne don wasu fatake sun riga takardar nan tashi, kuma kin san bakinsu. Idan kin ji an ce Baffa Attahiru ya yi tawaye, kada ki yi kuka, kada kuma ki sunkuyar da kai gaban dangin mijinki. Ina wurin aka yi komai.

Kin san tungar da Baffa yake riƙe da ita a fadama, bayan Kwalkwalawa. Na je can taya matarsa Inna Ladi zaman jego, sai gulbi ya kawo irin ruwan da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Da hantsi yana cikin shinkafa, kafin azahar ya shigo tsakar gida, rumbuna suna jiƙa daga gindi suna zubewa. Baffa bai tsaya shawara ba, ya ce kowa ya ɗauki abin da zai iya, a hau tudun nan mai kufai. Kin san ni da labaran da muke karantawa wurin Malama, inda ɗan sarki yake hawa dutse bisa farin doki don neman wadda yake so. To ni nawa hawan da tukunya a ka na yi shi, da kaza a hammata, taɓo har gwiwa, babu ɗan sarki sai jakin Baffa da ke tunkuɗa ni ta baya. Da muka zauna a sama kuraye suka dame mu, har suka ɗauke akuya, sai maza suka sare itace suka kewaye mu da kafi, suka toshe shi da ƙaya.

Ashe daga nesa ba haka abin yake ba. Masu wucewa suka hango, suka kai wa uban ƙasa labari cewa mai tunga ya kwashe jama'arsa ba izini, ya hau tudu ya yi kafi. Kuma manya sun ce a zamanin yaƙe-yaƙe wasu masu taurin kai sun taɓa maƙalewa a wannan tudu. Kin fi ni sanin cewa mai gari ba ya matsar da gari sai ya sanar, ba a kuma yin kafi sai da yardar na sama. Baffa ya manta da wannan duka, hankalinsa yana kan jarirai da hatsi. Da aka aiko kiransa, masunta suka tsallakar da mu, ya shigo birni da ƙafarsa, ni da Inna Ladi muna biye. Aka tsare shi a zauren uban ƙasa, aka ce sai an bincika. Baba ya kasa cin abinci. Maƙwabtan da ke shigowa aron turmi suka ɗauke ƙafa.

Iyatu ce ta ce ita ba za ta zauna tana jan tasbaha kawai ba. Ta ce maza sun yi ta surutu a zaure babu mai jin wani, to za a bi ta cikin gida. Ta yafa mayafi ta ce in taso, tunda ni na gani da idona. Yaya, kin san ni, ko sallama na yi sai an tambaya ko iska ce. Na ce mata cikina yana ciwo, ta ce ciwon ma ya taso, hanya ta ishe mu mu uku.

Uwargidan uban ƙasa wata dattijuwa ce mai suna Sadiyatu. Ta dube ni ta tambayi Iyatu ko wannan da ke ɓuya bayan zanenta ita ce shaidar, matan ɗakin suka kwashe da dariya. Na kafa ido a kan tabarma na fara. Na faɗi yadda Baffa ya goya makaho Mamman har sama, da yadda Inna Ladi ta sa jariri cikin ƙwarya ta ɗora a ka, da cewa ko baka ɗaya babu a tudun sai fartanya da lauje. Ban san lokacin da na ɗaga kai ba. Da na zo kan jakin nan uwargidan ta yi dariya har da share hawaye. Ta tambaye ni ina ƙofar shingen take kallo. Na ce birni take kallo, don ta nan muke sa ran taimako. Ta juya ta ce wa Iyatu mai tawaye ba ya buɗe ƙofarsa ta inda dawaki za su fito. Ta ce mu koma gida, za ta yi magana da maigidan.

Aka tura jakada. Dokinsa ya ƙi ruwa, sai a jirgin masunta ya ƙarasa, ya dawo da jiƙaƙƙen wando yana cewa rundunar da ya gani ta sauro ce kawai. Aka saki Baffa, amma sai da aka yi masa faɗa kan rashin aikowa. Ya ba da haƙuri, ya ce ko da ya nemi ɗan aike, a ranar kifi ne kaɗai ke da hanya. An ce uban ƙasa ya murmusa, ya ce su zauna a tudun har ruwa ya janye, bayan kaka kuma a duba ko tungar za ta tabbata can. Shinkafar bana ta tafi, amma suna shirin dasa albasa da alkama inda ruwa ya bar laka.

Da Baffa ya shigo gidanmu ya ce a kira masa ni, na sake maƙalewa bayan ƙofa. Ya ce shi bai yarda ba, lallai wata aka ara ta yi maganar. Sannan ya ce zai dasa ceɗiya a bakin ƙofar tudun, kuma ni zan zuba mata ruwan farko. Zan je, Yaya, kuma babu wanda zai ja ni.

Baba da Iyatu suna gaishe ki. Baffa da Inna Ladi sun ce ki sa su a addu'a. Ki gai da Malam Siddiƙu da surukarki, ki shafa mini kan jaririya. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki mai begenki,
Zulaihatu