Yayata ta mai da kanta likita, yanzu shafina take so

Assalamu alaikum 'yan gida, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya kai ni wuya.

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, shahararriyar mai girki a nan Katsina, in na faɗi sunanta rabinku a shafinta kuka koyi dambun nama. Wallahi ta iya girki, da ta tsaya a tukunya da ba mu ga wannan abin kunya ba. Kwatsam ta zama likita, wai ta haɗa kunun zogale da wasu sassaƙe da ke raba mutum da ciwon suga har abada, a ajiye allura a ajiye ƙwaya. Likitoci suka yi mata caa, aka rufe shafukanta, masu biki suka janye, wurin abincinta na Ƙofar Kaura yanzu ƙuda ne kwastoma. Ita kuwa cewa take mahassada ne.

Hajiyarmu tana da sugan, kuma ta daina allurarta, wai ɗiyarta ba za ta cuce ta ba. Yanzu duk ta rame, ga ciwo a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa.

Rannan ina taya Yaya girki, na buɗe gwangwanin kori, sai ga ƙwayoyin suga na asibiti, an ɓalle rabi. Ashe ita ma tana da ciwon, maganin likita take sha a ɓoye! Da na tsare ta ko kunya, ta ce ita aiki take, ba za ta yi wasa da jikinta ba. Na tambaye ta jikin Hajiya fa, ta ce na cika baki. Tun ranar ƙyamar abincinta nake.

Yanzu so take in ba ta shafina na ɗinki, ta ɗauki Hajiya bidiyo tana shaida ta warke. Da na ƙi, Hajiya ta ce baƙin ciki nake wa 'yar'uwata, in na hana ba ta yafe ba.

In na nuna wa Hajiya gwangwanin na fasa gida, in na yi shiru tsoron yatsan nan nake. Jama'a, in nuna mata? Jiya ko takalmi bai shiga ƙafar ba.