Tasha ta Tara

Muhaisnah, Dubai, Asabar

Zuwa ga Yaya Mahfuza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Idris da ɗiyata Muhsinat mai satar nama a tukunya.

Tunda kin toshe lambata wata uku ke nan, na koma ajamina na makarantar allo. Sati direban motar ruwa zai miƙa miki.

Albishirinki, ƙaninki ya zama ɗan yawon buɗe ido! Ina wani tsibiri, Malta, a tsakiyar teku. Bas mai hawa biyu nake shiga, sama a buɗe, kujerar gaba tawa ce. Jiragen masuntansu idanu gare su, wallahi, an zana musu da fenti, kamar za su harare ki. Akwai kogon da ruwansa ya fi shuɗin bula. A tasha ta tara kuma akwai wani tsohon birni da ake kira birnin shiru, ba a ɗaga murya a cikinsa. Na ce to, nan Yaya ba za ta kwana ba.

Me zan taho miki da shi?

Ƙaninki abin ƙaunarki, ko kin ƙi,
Ado

*

Al Karama, Talata

Ado,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Muhsinat tana gaishe ka.

Sati ya ce a ƙofar garejinku ya karɓi takardar, kana riƙe da bokiti da soso. Ashe Malta kusa take.

Ba ka canja ba. Ka turo mini saƙon murya kana kwaikwayon muryar Inna, shekara biyu da rasuwarta, ina tsaye a kicin na zube ƙasa, sai da maƙwabciyata ta ɗaga ni. Har yau ba ka ce in yi haƙuri ba, sai jirage masu idanu. Kada ka sake wahalar da Sati.

Allah ya shirye ka.
Yayarka, Mahfuza

*

Muhaisnah, Alhamis

Yaya,

Sallama da gaisuwa irin ta mai laifi. Sati munafuki ne, amma gaskiya ya faɗa.

Kamfaninmu ya sayo tsofaffin bas uku daga can tsibirin, ni nake wanke su. Ɗaya har yanzu na'urarta tana aiki. In ka sa abin ji a kunne ka danna lamba biyar, sai wata mata ta fara bayani da Larabci: dubi dama, dubi hagu. Rabi nake ganewa, rabin in ƙarasa da kaina. Akwai taswira manne a bayan kujera, da hotuna.

Ranar Lahadi, lokacin da na saba zuwa cin tuwo gidanki, nan nake hawa da burodina. In ta ce dubi dama, in duba, katangar gareji ce. In ta ce dubi teku, tulin tayoyi ne. Tasha goma sha shida, awa biyu, motar ba ta motsa ba. Na zaga tsibirin nan sau goma sha ɗaya.

Mu takwas ne a ɗaki, sauran duk 'yan Nepal da Bangladesh ne. Mutanen kirki ne, amma in na yi barkwanci sai su ce "yalla, habibi" su juya. Sati kuwa ko injin motarsa ba ya kashewa, balle mu yi hira. Rannan na ji kaina ina yi wa matar na'ura sannu da aiki.

Maganar Inna. Yaya, ba don in tsorata ki na yi ba, ko da yake na san ba mai yarda da ni. Muryarta ce ta fara ɓace mini. Ina ta gwadawa ina wanki har na kamo ta, kuma duk Dubai ke kaɗai za ki iya cewa daidai ne ko ba daidai ba. Na ji kunyar tambaya, sai na mai da shi wasa. Ki yafe mini, don Allah.

Litinin za su goge tsibirin su sa bayanin Dubai. Khalas, shi ke nan, an kore ni daga Malta ma.

Ki huta lafiya.
Ado

*

Al Karama, Juma'a

Ado,

Na amsa gaisuwa.

Muryar daidai take. Kuskurenka ɗaya. Ni 'yar fari ce, Inna ba ta taɓa kama sunana ba, "ke wannan" take cewa har ta koma ga Allah. Kai kuma ka ce "Mahfuza". Shekara talatin da huɗu ban ji shi a bakinta ba sai ranar. Ban goge saƙon ba.

Ka gaya wa maigadinku jibi Lahadi kana da baƙi. Zan zo da tuwo da miyar kuka, kujerar gaba tawa ce da Muhsinat. In mun kai birnin shirun, ka cire abin kunnen ka sake kirana da muryar nan.

Sai mun zo.
Yayarka