Aladen da Kaka Ta Raɗa wa Suna Dagaci

Izbat Rufa'il, ta Mallawi
9 ga Janairu, 1987

Zuwa ga Baffa Abdussami'u,

Ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka, alhali ba ka taɓa ganina ba, kuma ni ba tsararka ba ce. Na fara na yage, na sake farawa na yage, har sai da Inna ta ce takarda ba a gona take tsirowa ba.

Bayan haka, gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinku na gonar tumatir. Yaya sanyin kwarin Urdun? Yaya gwiwar da Baba ya ce tana damunka? Ina fata kana samun labarin iyalinka na Suhaj, kuma duk suna lafiya.

Ni ce Nargis, 'yar Fahim ta biyu, wadda ta rubuta wasiƙar nan da ka karanta masa. Baba ya iso lafiya. Babu wanda aka kashe, babu wanda aka kama. Amma saboda ni ya bar aiki ana tsakiyar cirar tumatir ba da izinin mai gona ba, kuma ya ce mai gonar ya sha faɗa cewa wanda ya tafi a irin wannan lokaci kada ya dawo. Dalilin wasiƙata ke nan. Sai dai Baba ya ce kafin in roƙe ka komai in ba ka labarin duka, domin kai ka raka shi tasha kana hawaye, ya kamata a ba ka rabonka na dariya.

Baffa, Dagacin da na ambata a wasiƙata ba mutum ba ne. Alade ne, gafara dai.

Inna ta sayo shi yana ɗan ƙarami bayan tafiyar Baba, kuma Kaka Hilana, mahaifiyar Baba, ita ta raɗa masa sunan. Kowa a gidan haka yake kiransa, har muka manta sunan aro ne. Na ɗauka Inna ta gaya wa Baba a kaset ɗin da take aika masa, ita kuma ta ɗauka Kaka ta faɗa. Da azuminmu na kafin Kirsimeti, wanda ba ma cin nama a cikinsa, ya kusa ƙarewa aka fara maganar yanka, kuma a gidanmu ba a sa wuƙa sai maigida ya ce a sa. Rikodar Inna ta lalace, rubutun Yaya Ayyad kuwa ko shi kansa ba ya iya karantawa, sai aka ce ni 'yar sakandare in rubuta. Inna ta ja mini kunne ta ce, "Mai karanta wa babanki mutumin kirki ne, mai salla. Ki iya bakinki."

Na yi ta tunani, na ga bai dace in sa bakinka ya furta sunan dabbar nan ba. Shi ya sa na rubuta abin da ka gani: cewa Dagaci ya sake shiga gonar albasarmu ya yi ɓarna, Yaya Ayyad ya rantse ba zai ga Kirsimeti ba, ya wasa wuƙa, ya samu mazan da za su danne shi, Kaka kuma ta ce a yi da sassafe kafin mutane su fito. Har na ƙara da cewa in amsa ba ta zo ba Yaya zai yi abinsa. Na manta sam cewa Baba ya tafi ne suna 'yar tsama da Dagaci Wahba na garinmu a kan ruwan ban gona, na kuma manta yadda ya san zuciyar Yaya. Malamarmu ta Larabci takan ce mai rubutu ya tuna da mai karatu. Na tuna da kai, Baffa, Baba na manta.

Ya ba mu labarin yadda ka tsaya a tsakiyar karatu, ka koma farko, ka ninke takardar ka ce, "Fahim, tashi ka sa takalminka." Bargon da ka yafa masa a tashar motar Aƙaba, kafin ya je ya hau jirgin ruwa, yana nan, Inna ta wanke shi.

Baba ya sauka a Mallawi da safiyar jajibirin Kirsimeti, wato 6 ga Janairu a lissafin cocinmu, bai biyo gida ba, ya zarce gidan Dagaci Wahba. Ya tarar da shi a zaune a ƙofar gida yana shan hantsi da kofin shayinsa. Baba ya zube ya kama gwiwoyinsa yana cewa, "Ranka ya daɗe, kada ka fita yau, yaro ne, ni zan yi maganinsa." Dagaci ya ce masa, "Fahim, rana ce ta taɓa ka a Urdun, ko kuwa jirgin ruwa ne?" Da ya fahimci maganar sai ya ajiye kofin, ya kira masu gadinsa biyu da bindigoginsu, suka nufo gidanmu gaba ɗaya.

Mu kuwa muna bayan gida ba mu san komai ba. Amsa ba ta zo ba, Yaya ya ce ba za a yi sallar Kirsimeti da wake ba bayan duk waken da muka ci a azumi. Ruwa yana tafasa a babbar tukunya, ni ina riƙe da kwano, maƙwabta sun kayar da aladen sun hau kansa, yana ta ihu yana shure-shure. Kaka tana zaune a kan turmi tana ba da umarni da sandarta. Daidai lokacin da su Baba suka shigo take cewa, "Ku danne Dagaci da kyau, ɗan banza, kada ya tashi. Ayyad, kai kuma me kake jira?"

Sai kowa ya waiwaya, har aladen. Ban san wanda zan kalla ba, Baba da ban gani ba shekara biyu, ko bindigogin. Inna ta saki tsintsiyar hannunta. Dagaci Wahba ya dubi wuƙar, ya dubi abin da aka danne, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "Wa ya raɗa masa sunan?"

Kaka ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Ni ce, Wahba. Shi yake fara ci, ba ya amsa gaisuwa, kuma ruwan kowa nasa ne. Wane suna kake so in sa masa?"

Na ɗauka ƙarshenmu ya zo. Amma Kaka ƙawar mahaifiyarsa ce, ta goya shi yana jariri. Ɗaya daga cikin masu gadin ne ya fara, dariya ta ƙwace masa ta hanci, sai Dagaci ya dafa bango ya yi ta yi har rawaninsa ya karkace. Ya ce, "Inna Hilana, aƙalla kun fi mutanen garin nan kiwona, dubi ƙibar da na yi a hannunku. To ku yi mini yankan mutunci. Hantar kuma tawa ce, a kai mini gida."

Baba ya zauna a ƙasa inda yake, ya rufe fuska da bargonka. Ban san ko dariya yake ko kuka ba, ina jin duka biyun ne. Ya ce, "Wa ya rubuta wasiƙar?" Na ɓuya a bayan Inna da kwanona. Ya ce, "Zo nan, malamar Larabci." Ya rungume ni, jallabiyarsa duk warin mota.

Yaya ya miƙa wa Baba wuƙar, amma Baba bai karɓa ba, hanya da yunwa sun galabaitar da shi. Ya ce, "Kai ka rantse, kai za ka cika." Yaya ya yi alamar gicciye, ya ambaci sunan Allah, ya yanka sau ɗaya bai maimaita ba. Wannan ne yankansa na farko, kuma na ga yadda Baba ya dube shi.

In abin da ke biye zai dame ka, Baffa, ka tsallake shi. An kwara ruwan zafi aka kankare gashin, aka babbake saura da harawar rake, sannan aka rataye shi a jikin itacen tut aka buɗe cikin. A nan Baba ya farfaɗo. Ya naɗe hannun riga yana nuna wa Yaya inda gaɓa take don kada ya dushe wuƙa a kan ƙashi, ya raba cinyoyi da haƙarƙari da kafaɗu a kan tabarmar kaba. Ni da Inna muka ɗauki hanji muka juya shi muka wanke da gishiri da lemun tsami, ruwan sanyi har yatsuna suka daina ji, muka ɗura shi da shinkafa da albasa da barkono. Kaka ta narkar da kitse ta zuba a tulunan ƙasa tare da soyayyen nama, wanda zai kai mu har babban azuminmu na gaba.

Abin wahalar shi ne duk wannan aiki muna cikin azumi muka yi shi, ba mai ɗanɗana ko ƙwaya. Kaka da hanci take auna gishiri. Ta kama Yaya yana shinshina tukunya ta ɗora masa sanda ta ce, "Hancin ma azumi yake." Ya ce, "To naki fa, Kaka?" Ta ce nata aiki yake yi.

Ni aka aika da hantar. Dagaci ya karɓa ya ɗaga ta yana dubawa, ya ce wa matarsa, "Kin gani, lafiyata ƙalau." Ya kuma ce in gaya wa Baba ranar Talata ruwan ban gona namu ne. Bayan mun dawo daga coci muka ci abinci mu duka a faranti ɗaya, Baba a tsakiya. Ban taɓa yin salla mai daɗin wannan ba, kuma ina jin kunyar faɗa, tunda kuskurena ne ya kawo ta.

Amma jiya na sami Baba a bakin gona shi kaɗai ya yi tagumi. Na san abin da ke damunsa. Aikin nan shi ya rufa mana ɗaki, shi ne kuma yake kai ni makaranta a Mallawi. Roƙona shi ne ka je wajen mai gona ka gaya masa gaskiyar abin da ya faru. In bai yarda ba ka karanta masa wannan wasiƙar, ko da zai yi mini dariya. Baba ba malalaci ba ne, kai shaida ne. Ya gudu ne don ya hana a zubar da jini.

Zan ba wani mutumin ƙauyen kusa da mu da zai koma Urdun gobe ya kawo maka. Baba da Inna da Kaka suna gaishe ka. Yaya ya ce in gaya maka shi ba mai kisa ba ne.

'Yarka mai neman afuwa,
Nargis Fahim

Izbat Rufa'il
25 ga Janairu, 1987

Zuwa ga Baffa Abdussami'u,

Gaisuwa da girmamawa, tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kuma gwiwar ta yi sauƙi. Mu duk lafiya muke.

Amsarka ta iso jiya da hantsi. Ni na karanta wa mutanen gida, kuma da na zo inda ka ce gurbin Baba yana nan, Inna ta rangaɗa guɗa har kajin maƙwabta suka watse. Kaka ta sa na maimaita mata wurin da mai gona ya ce a sake karanta masa maganarta da Dagaci, ya kuma kira ƙaninsa ya zo ya ji. Tun jiya take gaya wa duk wanda ya shigo cewa an san ta a Urdun.

Akwai abin da ba ka rubuta ba, direban da ya kawo wasiƙar ne ya faɗa. Ya ce tun ranar da Baba ya tafi kake cire layukansa bayan ka gama naka, da wannan gwiwar, don kada mai gona ya ga gurbi ya sa wani. Da Baba ya ji sai ya tashi ya fita waje, ya jima bai shigo ba. Ni ban san yadda ake gode wa irin wannan a rubuce ba. Allah ya saka maka da alheri, ya mayar da kai ga iyalinka lafiya.

Baba zai taso jibi. Zai zo maka da bargonka, da dabino, da biskit ɗin salla. Inna ta ce in gaya maka da man shanu ta yi shi, a sabon faranti da ta saya musamman, ka ci hankalinka kwance.

An gyara rikoda, kuma Baba ya ce daga yanzu kaset kawai, ya gaji da jirgin ruwa. Amma yana murmushi ya faɗa. Na yi ƙarfin hali na ce akwai abin da ba na iya faɗa a kaset, kowa yana zaune yana kallon bakina. Ya ce, "Ki tambayi mai karantawa, shi ya sha wahalarki."

To ina tambaya, Baffa. In ba zan takura maka ba, ka ba ni izini in riƙa rubuto wa Baba ta hannunka, ko da sau ɗaya ne a wata. In ka ce a'a ba zan ji haushi ba, na san abin da na jawo. In kuma ka yarda, ka gaya wa Baba idan ya iso, shi zai sanar da ni.

'Yarka,
Nargis Fahim