Harafin da Ba Shi da Ƙugiya

Tsamaye, ta Sabon Birni,
12 ga Yuni, 1955.

Zuwa ga ƙanena Wada,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya a Kafanchan, kai da Saude da yara, Ya tsare ka a aikinka na reluwe. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da awakin maƙwabta. Ruwa ya sauka sau biyu, gero ya tsiro.

Kada ka tambayi wanda ya rubuta mini, hannuna ne. Ajin yaƙi da jahilci da kuka yi ta yi mini dariya a kansa, wai Tasalla ta tsufa tana cin alli, shi ya hana gidanmu watsewa a watan jiya.

Ka san bara da aka shata gandun daji an haɗa da rabin gonar Baba, Yaya Labbo kuma ya sa liman ya rubuta masa kuka da ajami zuwa ofishin Bature. To, amsa ta iso, an buga ta da tafireta cikin boko. Yaya bai kawo mini ba, don a wurinsa karatun mata wasa ne. Ya kai wa Ɗanmusa mai fataucin turamen atamfa, wanda ya tsinci bokonsa a bakin tasha. Ɗanmusa ya hango sunan Labbo, ya hango wata uku, ya ƙura wa kalmar tsakiya ido, ya yi salati, ya ce ɗaure Yaya za a yi. Kafin la'asar an ɗaura wa jaki kaya. Yaya ya ce za shi Maraɗi, ƙasar Faransa, gona kuwa Bature ya cinye ta duka. Inna ta zauna a kan turmi tana kuka. Wallahi Wada, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Na tare ƙofar zaure na ce jakin nan ba ya fita sai na ga takardar. Na bi ta da yatsa, harafi harafi, gumi na zuba. Injinsu ba shi da haruffanmu masu ƙugiya, sai akawu ya bi da alƙalami ya lanƙwasa su. Ya sa wa kalmar ƙasa ƙugiyarta, ya sa wa kalmar ɗan'uwa tata, bai tsallake ko ɗaya ba. Amma kalmar da ta tsorata Ɗanmusa tsaye take ƙyam, ba ƙugiya. Cewa aka yi Labbo ya daure wata uku, mai awo zai zo ya sake duba iyaka, kafin nan ya ci gaba da nomansa. Haƙuri aka ba shi! Ɗanmusa ya yi ta musu, sai da malamin ajinmu ya karanta a gaban Wakilin gari ya faɗi abin da na faɗa, sannan Ɗanmusa ya tuna yana da sauri.

Ban ce an mayar mana da gona ba, mai awo bai iso ba tukuna. Amma Yaya yana gida, ya gama noman farko. Amsar da muka mayar ma ni na rubuta, ya danna yatsa yana kallon bango. Shekaranjiya na kama shi da allona a bayan rumbu, ya ce wai ƙura yake share mini.

Inna da Habi da Fatsuma suna gaishe ku. A shafa mini kan yara. Ka ce kewar gida ta dame ka, hutu kuma sai bayan kaka. To, ka daure. Duba da kyau, ban sa masa ƙugiya ba.

Ni ce yayarka,
Tasalla.