Bututun da Surukata Take Gadi

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta na Kamfanin Ruwa, Yawunde.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, ni ne Sabo Tela, mai keken ɗinki a gangaren bayan layin mahauta, a unguwar Briqueterie wadda mu 'yan gida muke ce wa Birik. A nan aka yanke cibiyata, kakana ne fatauci ya kawo daga Kano. Na rubuta wannan a fili ne domin na yi ta zarya ofishinku har mai gadi ya daina tambayata wurin wa na zo. Kuka na kawo, amma ka yi haƙuri in fara da yabo, don ba za ka gane kukan ba sai ka ji abin da idona ya gani.

Na farko, aikinku a Arewa. Bayan Sallar Layya na hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, daga nan na bi mota har wani gari kusa da Marwa, domin in ɗauko surukata Inna Dudu, mahaifiyar maiɗakina, wadda yanar ido ta rufe wa gani. Ni ɗan Yawunde ne, ruwan sama kan ishe mu har mu riƙa yi masa tsaki. Ranar da na sauka na ji ana ta maganar mayo, wato kogi a bakinsu, sai na tambayi wani mai jaki inda kogin yake. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baƙo, ai a kansa kake tsaye." Yashi ne fari fat, yana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Amma a garin nan na sha ruwan famfo mai sanyi, kuma kamfaninka ne ya kawo shi.

Wallahi gani ya kori ji. Ashe ruwa na kwance ƙarƙashin yashin, mutanenka suka haƙa suka bi shi can inda rana ba ta kaiwa, suka sa inji yana tura shi cikin babban tankin da ke kan dutse, wanda suke kira shato. Daga nan ake raba shi unguwa unguwa, wannan da safe, waccan da la'asar, kuma mai shela ne yake zagawa yana faɗin masu rabon yau. Famfon kansa da ka ɗauke hannu ya rufe bakinsa. Abin da ya zube daga bokitin mata ba ya tafiya banza, yana gangarawa cikin kwamin siminti awaki su sha, ragowar ta bi 'yar hanya zuwa gindin dalbejiya. Na ga kuma duwatsun da suka jera a tsakiyar busasshen kogin. Aka ce mini in damina ta zo da haukanta, duwatsun ne suke rage wa ruwa gudu har ya sami damar nutsewa, ya zama ajiyar baɗi, kamar hatsi a rumbu. Akwai ma wani ma'aikacinku da ke bin layi da sandar ƙarfe, ya kafa ta a ƙasa ya ɗora kunne, yana sauraron bututun da ke yoyo tun kafin ƙasa ta nuna danshi. Na bi shi a baya kamar baƙauye ya shigo birni, ban ji kunya ba. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya ɓoye ruwa a cikin yashi, ya kuma ba ɗan Adam basirar nemo shi.

Na biyu, aikinku a ƙofar gidana. Tun ƙarshen damina wata motar itace ta taka bututunku a daidai bakin shagona, ya tsage. Ruwa yake ta feshi, tsabtatacce, wanda kuka wahala kuka tace, yana bin gangare yana haɗuwa da kwatar mahauta. Ga rani ya kama, mutanen tudu ta wajen Tsinga suna kukan famfonsu ba ya kawowa da rana, mu kuma muna ɗage riga muna tsallake rabonsu.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni. An yi wa Inna aikin ido ɗaya a asibiti, Allah ya sa an dace. Likita ya ja kunnenmu cewa kada ta sunkuya, kada ta ɗauki abu mai nauyi, sai idon ya warke sarai, sannan a yi ɗayan kafin ruwa ya sauka. Ya ce in ta saɓa, ɗinkin zai iya buɗewa, kuma babu gyara. To, ranka ya daɗe, wanda idonsa ya daɗe a rufe kunnensa ba ya wasa. Tun daga tsakar gida ta jiyo ƙarar ruwan, ta tambayi 'yarta wane ne ya manta famfo a buɗe. Da aka gaya mata haka yake tun kafin ta zo, sai ta yi salati ta nemi bokiti.

Yanzu babu abin da ya rage a gidana mai riƙe ruwa wanda ba ta cika ba. Randa, tulu, tukwanen girki, bahon wankan jariri, har kwanon da nake tara maɓallai ta juye ta cika. Da kayan suka ƙare ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure tsagar bututun, ta ja kujerar tsugunno ta zauna gadi, ɗankwalin na zamewa tana sunkuyawa tana gyarawa. Maiɗakina ta yi roƙo ta yi kuka. Maƙwabcinmu Alhaji Buba mai nama ya ce mata, "Inna, nan fa Yawunde ne, ruwa ba ya ƙarewa." Ta amsa masa da Hausarta mai ƙanshin Fulatanci, ta ce, "Ɗana, kamfani ɗaya ne, hular ma'aikatansu iri ɗaya. Wanda yake zuba nan, daga shaton garinmu ake rage shi. Jikokina na layin ruwa can." Ita a wurinta bututu ɗaya ne ya taso daga Marwa har Birik. Mutane suka yi dariya. Ni ban iya yi ba, don na ga yadda take alwala a kan ƙwarya, ta kai ruwan gindin zogale.

Za ka ce me ya hana ni tsawata mata. Kai ma ka san tsakanin mutum da surukarsa. Ni da ko abinci ba na ci a gabanta, da wane baki zan ce mata ta tashi ta shiga ɗaki? Sai dai in zauna a kan keke ina kallonta ta taga duk sanda kanta ya yi ƙasa. Shekaranjiya idon ya yi ja yana hawaye. Jiya kuma ta ƙulle kayanta, ta ce in ba a rufe bakin ruwan nan ba za ta koma gida da ido ɗaya, gara duhu da ta zauna tana jin ana wulaƙanta ni'imar Allah.

Na huɗu, ofishinku. Na kai ƙara da bakina, mai unguwa ma ya kai. Akawun da ke teburin farko bai taɓa ɗaga kai ya ga fuskata ba, kullum amsarsa ɗaya ce da Faransanci, "Revenez demain," wato in dawo gobe. Ranar da na matsa sai ya ce ai ruwan bai bi ta mita ba, babu wanda za a caja, mene ne nawa a ciki. Raina ya ɓaci ƙwarai, na fito. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Ban yarda cewa kamfanin da ke sauraron ɗigon ruwa a ƙarƙashin ƙasa a Arewa shi ne ya kurumce ga wanda ke feshi a fili a babban birni ba. Na fi zaton maganar ce ba ta iso gare ka ba.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A turo mai gyara cikin wannan mako, aikin bai fi ƙarfin mutum ɗaya da kayan aikinsa ba. A kuma duba ko masu teburin nan za a kai su Arewa su yi rani ɗaya, su sha ruwan da mai shela ya raba. Na ƙarshe kuwa ƙarami ne, amma shi ya fi mini girma. Idan ma'aikacinku ya zo zai tarar da ɗankwali shuɗi ɗaure a bututun, da tsohuwa zaune kusa. Kada ya yar da ɗankwalin, kada kuma ya tsaya yi mata bayanin cewa ruwan Yawunde daban, na Marwa daban. In ya gama, ya bari ta shafa bututun da hannunta ta ji ya bushe, ya ce mata rabon jikokinta ya koma. Daga bakin mai hularku kaɗai za ta yarda ta shiga ɗaki ta kwanta.

Akwai jaririya a gidan nan da aka sa wa sunanta, har yau Inna ba ta ga fuskarta sosai ba, da yatsa take lalubar kamanninta. Ina so ta gan ta da ido biyu.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya yi wa aikinka albarka, ya saka wa mutanenka na Arewa da alheri, ya shayar da kai ranar da kowa zai nemi ruwa.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sabo Tela,
Gangaren bayan layin mahauta, Briqueterie, Yawunde.