Gwangwanin Mushe Idi

Zuwa ga ƙanena Abdu, a Arlit.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Ya zafin wurin? Mu nan Tabotaki sai godiyar Allah.

Karyar farautar da ka bar mini ta haihu, na riƙe ɗan kwikwiyo guda. Sai ya kama cizon dugadugan jikoki, har uwarsu ta rantse sai ya bar gidan. Na shafa wa yaran ruwan maɗaci a ƙafa, yadda Baba ya koya mana, amma bai daina ba.

Sai ga Mushe Idi, sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda bai taɓa kwana a daji ba. Ya zuba tsakuwa cikin gwangwanin tumatir. Da kwikwiyon ya kai baki, sai malamin ya girgiza gwangwanin, kwikwiyon kuwa ya firgita ya saki, sannan malamin ya miƙa masa tsohuwar fata ya tauna. Ya ce mini, "Baba, ai ba ya jin ɗaci, ƙara yake ji."

Cizo ya ƙare, ban musa ba. Amma yanzu a ƙofar Mushe Idi kwikwiyon ke wuni, kuma a gabana mutane ke tambayarsa sha'anin karnuka, ni da na yi furfura cikinsu.

Don Allah ka aiko mini da abin busa na ƙarfe irin na jandarma, wanda ya fi gwangwani ƙara. Kada kowa ya ji.

Ka gaida Hadiza da yara, ku sa mu cikin addu'a.

Yayanka,
Mamman